Ɗakin Kwamfutar Malam Badaruddeen

Akwai wani malami a wata sakandare a Jibiya, Malam Badaruddeen, shi ke riƙe da makullin ɗakin kwamfuta. Kwamfuta ashirin ke ciki, duk a lulluɓe da leda. Ba a buɗe ƙofar sai manyan baƙi sun zo ɗaukar hoto.

A ajin ƙarshe akwai Hasiya, 'yar wani mai dakon kaya a boda, iyakar Nijar. Ita ke zuwa ta ɗaya, burinta ta karanta aikin jinya. Amma jarabawar JAMB da kwamfuta ake yin ta, ita kuwa ba ta taɓa taɓawa ba.

Sau uku tana roƙonsa ya bar ta ta koya. A na ukun ya daka mata tsawa: "Ke, ɗiyar ɗan dako, mi kika sani ga kwamfuta? In kin ɓata ta, ubanki za shi gyara?"

Ranar jarabawa a Katsina, Hasiya ta san amsoshin sarai. Amma rabin lokacinta ya tafi wajen neman inda za ta danna. Allo ya rufe da sauran tambaya talatin. Ta yi kuka a mota har Jibiya.

Wallahi abin nan ya ƙona min rai. Shekara guda ta yarinya ta salwanta saboda makulli ɗaya!

Damaris, mai buga wa direbobi takardu a bakin boda, ita ta ji tausayinta.

"Ki riƙa zuwa bayan la'asar, ƙanwata. Kwamfutata tsohuwa ce, amma tana aiki."

Da shekara ta zagayo, Hasiya ta ci, ta samu gurbi.

A watan ne wata jami'ar duba makarantu ta zo ba sanarwa. Ta sa aka yaye ledojin, ta ce ɗalibai su kunna. Cikin yara arba'in babu wanda ya iya.

Ta juya ta ce, "To Malam, nuna musu."

Malam Badaruddeen ya zagaya teburin sau biyu, gumi na tsatstsafo masa, yana laluben bayan allo. Ashe shekara shida yana gadin abin da shi kansa bai iya kunnawa ba.

Darasi: Wanda ya ɓoye jahilcinsa da girman kai, 'ya'yan mutane yake cuta. Ka tura wa iyaye wannan, su je su tambaya: ɗakin kwamfutar makarantar yaransu a buɗe yake?