Motar da Ba Ta San Gareji Ba

Akwai wani dattijo a Kafanchan, Baba Silvanus Kumai, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Mutumin kirki ne, wannan ba musu. Amma in aka zo maganar motarsa, to ka nemi kujera, don ba yanzu za ka tashi ba.

Mota ce ruwan toka mai canja giya da kanta, ya saye ta bayan ya yi ritaya. Kullum sai ya goge ta kafin ya wanke fuskarsa. Kirarinsa ɗaya ne: "Motata ba ta san hanyar gareji ba."

Wanda ya fi shan wannan kirari shi ne abokinsa Rufus, mai wata tsohuwar mota da ta fi kwana a gareji fiye da gida. In sun haɗu a ƙofar coci sai Baba Silvanus ya ce, "Rufus, yaya mai jiki? An sallame ta ko tana kwance?" Rufus ya yi dariyar yaƙe ya wuce.

Sai dai son motar nan yana da tushe. Ranar aurensa a bayan keke ya ɗauko amaryarsa Miriyam daga coci, farar rigarta tana shan jar ƙasa. A ranar ya yi mata alkawari: in Ubangiji ya ba su 'ya mace, a motar ubanta za ta tafi ɗaurin aure. Miriyam ta rasu ba ta ga ranar ba. Yanzu ga auren 'yarsu Jacinta ya matso, a Zonkwa za a ɗaura. Dangin ango suka yi tayin mota, ya ce a gode musu, shi zai kai 'yarsa da hannunsa.

Ana cikin shirye-shirye, wata safiya ya ga wani jan ɗigo a ƙasa, daidai ƙarƙashin gaban motar. Ya dangwala da yatsa. Mai ne, ja kamar zoɓo.

Ya duba hagu, ya duba dama. Ya ɗebo yashi ya zuba a kai.

Washegari ɗigon ya zama tabo. Ya ƙara yashi. Wallahi har tsintsiya yake sawa ya daidaita wurin, kada maƙwabta su gane. Ya san maganin abin, amma garejin Meshak bakanike a bakin babban titi yake, duk mai wucewa kasuwa sai ya ga motar wa aka ɗaga. Kuma a can Rufus yake wuni.

Ranar da ya ɗauki Jacinta za su karɓo rigar amarya, ya sa giya, motar ta yi shiru kamar tana tunani, sannan ta zabura da ƙarfi. Jacinta ta dafa ƙirji.

"Sanyin safiya ne," in ji shi.

"Baba, kashe motar tukuna."

Ya kashe.

"Kullum ina ganinka ta taga da kwanon yashi," ta ce a hankali. "Lokacin da nake ƙarama na ji ciwo a ƙafa na ɓoye a cikin safa, kai ka ce mini ciwon da aka rufe ruɓewa yake yi. Ni ba na son motar kowa sai taka. Amma in ta tsaya da ni a daji ranar aurena, alkawarin Mama fa?"

Kunya ta kama Baba Silvanus. Ya tada motar, maimakon hanyar tela sai ya juya kan babban titi, da rana tsaka, kowa na kallo.

Kamar yadda ya yi tsoro, Rufus na zaune a benci a ƙarƙashin mangwaro. Ya ga motar ta shigo, ya buɗe baki, ya dubi abokinsa. Baba Silvanus ya tsaya yana jiran a biya shi da irin kuɗinsa. Rufus ya yi dariya iya son ransa, sannan ya matsa gefe ya buga bencin da tafinsa.

"Zo ka zauna, Silva. Asibitin nan ba ya korar kowa."

Meshak ya zaro ƙarfen auna man giya, ya duba, ya girgiza kai. Ya ɗaga motar, ya wanke ƙasanta tas, ya shimfiɗa farin kwali, ya tada injin. Ba a jima ba jan ɗigo ya sauka.

"Baba, ka gani? Da baƙi ne sai mu ce injin. Wannan ja, giyabos ne, wato akwatin giya. Daga nan yake fita, inda ƙarfen da ke juya taya ya shiga. Robar da ke tare man ce ta mutu, sil ɗin kenan. Man ya kusa ƙarewa, amma bai fara ƙauri ba. Ka zo a kan lokaci. Da ka hau hanyar Zonkwa haka, giyar ƙonewa za ta yi."

Ya zare ƙarfen, ya cire tsohuwar robar, ya sa sabuwa, ya cika mai. Ya nuna masa wadda ya cire, 'yar zagayayyiyar aba da ba ta cika tafin hannu ba. Baba Silvanus ya juya ta yana kallo. Wannan ce ta kusa cinye alkawarin da ya riƙe tun yana saurayi.

Ranar Asabar motar ta sha ribon, ta kama hanyar Zonkwa sumul. Baba Silvanus a sitiyari, ƙirji a buɗe, Jacinta a baya cikin farar riga, ko ƙura ba ta taɓa ta ba. Rufus na biye da su da tsohuwar motarsa, ya cika ta da 'yan zumuntar mata suna ta waƙa. Da suka tsaya a ƙofar coci, Baba Silvanus ya buɗe wa 'yarsa ƙofa da kansa, hawaye na zuba bai ko share ba.

"Miriyam, na kawo ta," ya ce can ƙasa-ƙasa.

A wurin liyafa aka ba shi makirfo ya yi wa ango da amarya nasiha. Jama'a suka gyara zama, sun san shi da dogon zance. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro tsohuwar robar nan, ya ɗora a tafin ango.

"Ɗana, babu gidan da ba ya yoyo. Ranar da kuka ga ɗigo, kada ku nemi yashi. Ku nemi wanda zai gyara, ko da duk gari na kallo."

Rufus ne ya fara tafi.

Darasi: Ɓoye matsala ba ya tsayar da ita, yashi dai yake sha. Mutuncin da kake tsoron zubarwa wajen neman taimako, a nan ne kake tsare shi. Kuma kada ka yi wa mai gyara tasa dariya, wata rana bencinsa za ka nema. Ku tura wa duk wanda kuka san yana riƙe da kwanon yashi.