Miyar Lami a Bakin Ruwan Wara

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sanya a cikin bayinsa waɗanda ganinsu ke tuna wa mutum lahira. Daga cikinsu akwai Shehinmu, malami masani, mai tsantseni da gudun duniya, wanda ya ƙare rayuwarsa yana karantarwa a wata rumfa a bakin ruwa kusa da Wara, Allah Ya ƙara masa yarda. Ga ɗaya daga cikin karamominsa, kamar yadda waɗanda suka shaida suka faɗa mana.

Akwai wani masunci, Almustapha, wanda ciwon zuciya ya sauke daga jirgi. Da a nan abin ya tsaya, da ya jure, domin mutum ne mai taurin rai. Sai ciwon suga ya biyo baya, ƙoda ma ta fara gazawa, kowace cuta ta zo da nata hanin. Zuciya ta hana shi gishiri, suga ya rage masa tuwon shinkafa, ruwan sha ma sai da awo, ga mutumin da ya tsufa a kan ruwa. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya gajarce.

Amma abin da ya fi cin ransa ba wannan ba ne. A gidansu maza kan haɗu a kwano ɗaya, shi ne babba, shi ke raba kifi. Yanzu matarsa Yasira, saboda tsananin kula, sai ta yi masa tukunyarsa daban, miyar lami, ta kai masa ɗaki don kada ƙamshin ta sauran ya dame shi. Yana zaune shi kaɗai yana jin hirar ƙannensa ta katanga. Ya taɓa ce mata an riga an yi masa jana'iza, binnewa ce kawai ta rage. Ta ɗauka zafin ciwo ne.

Wata safiya ya lallaɓa ya kwance jirgin ƙanensa, ya nufi tsakiyar tafki, inda ƙauyen kakanninsa yake kwance a ƙarƙashin ruwa tun da aka datse kogi, da niyyar da bai gaya wa kowa ba, Allah Ya tsare mu. Babu iska, ruwa kwance lumui, amma duk yadda ya karkata filafili sai hancin jirgin ya juya gaɓa. Ya yi ta fama har ƙirjinsa ya ɗaure, ya saki filafilin, jirgin ya ci gaba da tafiya da kansa har ya dafe yashi a gaban rumfar Shehu.

Shehu yana zaune, kwano a rufe a gabansa. Bai tambaye shi inda ya nufa ba. Ya ce, "Zamna, Almustapha, tuwon ga ya fara hucewa."

Almustapha ya kai loma, ya ji miyar lami ce irin tasa. Daga baya iyalin Shehu suka ce tun da asuba ya hana a sa mata gishiri, bai faɗi dalili ba. Almustapha ya fashe da kuka, ya roƙi addu'ar waraka.

Shehu ya ce, "Na roƙa, ba a ba ni ba. Sha maganinka. Abin da an ka ba ni shi na, ba ka ƙara ci kai ɗai."

Haka kuwa aka yi. Kullum a kwano ɗaya suke ci, har kunya ta kama ƙannensa suka ɗauko tabarmarsu suka dawo rumfar, aka mayar masa da rabon kifi. Bai warke ba. Jikinsa ya ci gaba da lalacewa, idonsa ya dushe, kafin a yanke shinkafar shekarar ya rasu. Yasira ta ce a watannin nan ne kawai ta sake jin dariyarsa, ta yi kuka mai yawa a kan kwanukan da ta riƙa kai masa ɗaki.

Shehu kuwa bai ƙara ɗanɗana gishiri ba har ya koma ga Ubangijinsa. Allah Ya haskaka makwancinsa, Ya jiƙan Almustapha, Ya ba mu albarkacin salihan bayinsa, kada Ya bar marasa lafiyarmu su ci abinci su kaɗai. Amin.