Ɗumin da Ya Zo Kafin Lokacinsa

Akwai wani mutum makiyayi a wata ƙasa ta kan duwatsu, can nesa da mu, inda sanyi yakan yi tsanani har ruwan rafi ya daskare mutum ya taka shi ya wuce. Yana da tumaki, yana kuma da 'yan itatuwan ɓaure a bayan gida. Kowace shekara kafin sanyi ya sauko, yakan tara harawa, ya tsare tumakin a garke, ya naɗe itatuwan da busasshiyar ciyawa. Aikin yana cin ƙarfinsa, ga shi tsufa ya soma kama shi.

Wata shekara, sanyi ko rabi bai kai ba, sai rana ta fito da ɗumi. Ƙanƙarar da ta lulluɓe tuddai ta soma narkewa, ruwa yana ɗiga daga rufin ɗaki. Ɗanyar ciyawa ta leƙo, itatuwa suka yi toho, tsuntsayen da suka yi ƙaura suka fara dawowa. Mutumin ya tsaya a bakin garke, rana tana gasa masa baya, ya ji wani daɗi da ya manta da irinsa.

Ya ce wa matarsa, "Uwargida, bana Allah ya sauwaƙe mana. Sanyi ya wuce."

Ta ce, "Anya kuwa, Maigida? Lokacinsa bai yi ba. Ka ɗan dakata mu gani."

Ya ce, "Itatuwa ma sun gane, balle ni?"

Sai ya kwance ciyawar da ya naɗe itatuwan da ita, ya ƙone. Ya kora tumakin zuwa makiyaya. Harawar da ta rage kuwa ya daina rufe ta, har ruwa ya jiƙe ta sharkaf. Maƙwabtansa da suka gani, su ma suka yi haka.

Ba a daɗe ba, wata safiya iska ta juya. Sanyi ya komo, ya fi na farko mugunta. Ruwan nan da ya narke ya daskare a kan makiyaya, ya zama kamar gilashi. Tumakin suna ganin ciyawa shar a ƙarƙashi, suna ta bugu da kofato har ƙafafunsu suka yi jini, ba su kai gare ta ba. Mutumin ya ɗauki gatari yana sara, inda ya fasa yau, gobe ya tarar ya sake rufewa. Ya koma ga harawa, ya iske ta ruɓe ta dunƙule. Ya bi gida gida yana roƙo, kowa ya nuna masa tasa ruɓaɓɓiyar.

Tohon ɓauren ya yi baƙi ya zube. Ruwan da ya hau cikin itatuwan ya daskare, ya tsaga su tun daga gindi. Tsuntsaye suka yi ta faɗowa matattu a gefen hanya. Tumakin suka mutu ɗaya bayan ɗaya, madara ta yanke a ƙauyen, yara suna kuka. Sa'ad da ainihin lokacin ɗumi ya zo, babu abin da ya rage da zai yi toho. Mutumin ya zauna a garken da ba kowa, ya rufe fuskarsa. Matarsa ta zauna kusa da shi.

Ma'anar wannan misali ita ce: makiyayin nan mu ne. Ɗumin kuwa shi ne ɗan sauƙin da yakan zo mana a tsakiyar gwaji. Ciwo ya lafa, ko abinci ya shigo gida, sai mu ce, "Shi ke nan, an gama." Mu ajiye addu'a, mu daina zuwa sujada, 'ya'yanmu da maƙwabtanmu su gan mu su bi sawunmu.

Ku lura, 'yan'uwa, itatuwan nan sun sha jure sanyi shekara da shekaru. Abin da ya kashe su shi ne sakin jiki kafin lokaci. Haka zuciyar da takan yi laushi ranar Lahadi, ta taurare ranar Litinin, wata rana za ta tsage.

Watakila a cikinku akwai wanda rana take gasa wa baya yanzu. Ka gode wa Ubangiji, amma kada ka ƙone abin da ya rufe ka da shi. Makiyayin nan ya yi kuka ƙwarai, kukan bai tā da ko tunkiya ɗaya ba.