Tabawa da Murhu Mai Kai Rahoto

An yi wata baiwar Allah a wani gari, sunan garin kuwa zan riƙe shi a bakina, don wasunku suna da dangi a can. Ana ce mata Tabawa. Miji ya rasu, 'ya'ya sun yi nisa, tuwo take tuƙawa tana sayarwa a ƙofar gida. Da shi take ci, da shi take sayen sabulu. Ku saurara. Ke ta bayan can, ajiye wayar nan, ba guduwa za ta yi ba.

Wata rana sai ga mutanen wata ƙungiya daga birni, mota cike da murhun zamani. Suka ce ba ya hayaƙi, ba ya cin itace. Gida arba'in, kowane gida ɗaya. A jikin kowane murhu an manna wani ɗan ƙarfe kamar kwalin ashana. Shi wannan zafi yake ji. Kin hura wuta, ya gaya wa birni. Ba ki hura ba, ya gaya wa birni. Mai gulma ne dai, sai dai ba ya ƙari. Suka ce in an yi wata uku kowane gida yana girki a kai, za su haƙa wa garin rijiyar burtsatse. Su kuwa matan garin, ruwa sai sun je rafi, tafiyar da in kin fita da hantsi sai azahar.

To, wanda ya ƙera murhun nan, Allah ya ba shi lada, amma bai taɓa ganin ana tuƙin tuwo ba. Dogo ne siriri, gindinsa kamar na kofin shayi. Ranar farko Tabawa ta ɗora tukunya, ta yi talge, ta zuba gari, ta kama muciya hannu biyu. Juyi ɗaya, juyi biyu, a na uku murhu da tukunya suka tafi tare. Talge ya kwanta mata a ƙafa. Sati biyu tana ɗingishi. Ta ɗauke murhun ta jingine a bayan rumbu, ta koma wa duwatsunta uku.

Ba ita kaɗai ba ce, kowace mace ta ga haka. Sai mai unguwa Barau, wanda tun da aka haife shi bai riƙe muciya ba, ya kawo dabara. Ya ce kullum da safe a zuba ɗan garwashi a ciki, a ɗora buta, ɗan ƙarfe ya ji ɗumi ya kai labari, sannan kowa ta je ta yi girkinta inda ta saba. Gida talatin da tara suka yi haka. Kullum sai an ba ƙarfe karin kumallo kafin a ba yara.

Gida ɗaya shiru.

Aka bugo wa mai unguwa waya daga birni, wai murhu ɗaya bai sake yin zafi ba tun ranar farko. Ya zo da kansa, ya tsaya a zaure. Ya ce, "Iya, garwashi uku kawai. Ko ni sai in aiko miki da shi."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, garwashi ina da shi. Ƙarya ce ba ni da ita."

Ya ce ai ƙarfe ne, ba mutum ba. Ta ce ƙarfen wa yake gaya wa, ba mutum ba? Ta miƙo masa ƙafar ya ga tabo. Ta ce in aka ce murhun nan ya yi kyau, gobe gari ɗari za a kai shi, wata tana tuƙi ɗanta yana rarrafe a gindin tukunya. "Ni tsohuwar ƙafa ce ta ƙone. Ita fuskar yaro ce."

Ya ce to ta sani, in rijiya ta kuɓuce, ita ce. Ta ce ta ji, a gaida gida.

Ku saurara, nan ne wurin. Aka daina sayen tuwonta. Kwanon da ya shekara goma yana zuwa ƙofarta ya canza hanya. Ta je rafi, mata suka matsa gefe kamar ta zo da ƙyanda. Aminiyarta Lantana ta zo har ɗaki tana lallashi, ta ce kina ganin wuyanmu ya kusa karyewa da tulu, ki tausaya mana. Wannan ta fi ta mai unguwa ciwo, don Tabawa ma da tulun take tsufa. Ta dubi aminiyarta. Sannan ta ce, "Lantana, zan ɗauko miki ruwa a kaina in kin gaji. Amma ba zan hura wa ƙarfe wutar ƙarya ba." Tuwo ya koma rabin tukunya, rabin ma ya kwana. Murhu yana bayan rumbu, kaza har ta yi ƙwai a ciki.

Wata uku ya cika. Mutanen birni suna murna, har sun shirya kai murhun garuruwa da yawa. Amma wata ma'aikaciyarsu, Malama Zulai, gidan nan ɗaya ya tsaya mata a rai. Ta zo tare da mai unguwa, ta tambaya. Tabawa ba ta kai ƙarar kowa ba, ba ta ambaci buta ba. Ta kori kaza, ta hura wuta, ta ɗora tukunya, ta miƙa mata muciya ta ce, "'Yar nan, tuƙa. Amma janye ƙafarki."

Juyi uku. Tukunya ta sha ƙasa.

Malama Zulai ta dubi tuwon, ta dubi mai unguwa. Shi kuwa ya shiga gyaran hula.

Kada ku ce nan take aka yi guɗa. An dakatar da komai, rijiya ba ta zo ba. Rani guda cur Tabawa ta sha harara a hanyar rafi, kuma ba ta sunkuyar da kai ba. Sai bayan damina aka dawo da murhu gajere mai faɗin gindi, wanda aka gwada da hannunta kafin a kai ko'ina. Ba wadda ta sake ba ƙarfe karin kumallo, girkin gaske ake yi. Rijiya ta biyo baya. Ranar buɗewa mai unguwa ya yi jawabi ya ce dama shawararsa ce. Lantana kuwa kwano kawai ta aiko a zuba mata tuwo.

To, jama'a, gaskiya ba ta biya a ranar, wani lokaci sai kin yi rani kina jira, wata ma sai a lahira. Ku riƙe ta duk da haka, ko gari duka ya juya muku baya. Ɗan ƙarfen nan da garwashi uku aka ruɗe shi. Amma kowace a cikinku tana da masu kai rahoto biyu a kafaɗa, ba sa barci, ba sa jiran caji. Ke mai cusa yatsa a mudu, ke mai ƙara wa nono ruwa, ku gaya mini da wane garwashi za ku ruɗe su. Allah ya sa mu fi ƙarfin cikinmu.