Kafar Jatau

A zamanin da dajin Kurmin Ɗinya bai san gatari ba, wani maharbi mai suna Jatau ya biyo sawun wata ɓauna da aka ce kibiya ba ta huda ta, har ya kashe ta a bakin wani rafi. Ya duba, ga baƙar ƙasa, ga ruwa, sai ya kafa bukka. Da kaka ta yi, ya je ya ɗauko mahaifiyarsa Inna Tabawa da ƙanensa Anaruwa. Mutane suka yi ta biyowa, maroƙa na yi masa kirari: Jatau baƙin kwari, mai kwana inda zaki ya tashi, ɓauna ta gan ka ta sake hanya!

Rafin nan kuwa, da rani akuya ma tsallake shi take yi. Da damina sai ya raba gari da gonaki, ya tsare fatake a ƙetare, wani lokaci har ya ci rai.

Anaruwa bai iya harbi ba. Damina bayan damina yana bin gaɓa, yana duban inda ambaliya ta rataye yayi a rassan itatuwa, yana yin shaida a wurin. Sannan ya zaɓi inda gindin rafin dutse ne, ya gina ginshiƙai masu tsinin goshi suna fuskantar ruwa, ya shimfiɗa azarar giginya sama da shaidar da ta fi kowace tsawo, ya bar wa ruwa ƙofofi a ƙasa. An ce kadoji janyewa suke yi idan ya shiga aiki. Allah ne masani.

Fatake suka fara cewa sun kwana a Gadar Anaruwa, sunan ya bi gari.

Wata rana a wata kasuwa mai nisa, mai sayen fata ya tambayi Jatau daga ina yake.

"Daga garin Jatau."

"Ina ne nan kuma?"

Ya kwatanta masa. Mutumin ya tafa hannu. "Au, Gadar Anaruwa! Ka san shi? Don Allah ka gaishe shi."

Jatau ya dawo gida zuciya na tafasa. Shi ya sari dajin, shi ya kashe ɓaunar, amma sunansa ya ɓace. Ko a gida ba ya jin sa, domin shi ɗan fari ne, Inna Tabawa ba ta taɓa faɗar sunansa ba, sai dai "kai wannan". Anaruwa kuwa tana kiransa safe da yamma.

Da rani Jatau ya tara maharba, suka ja hanya ta ƙasa da duwatsu a gangaren gari, ta datse rafin daga gaɓa zuwa gaɓa. Ta fi gada faɗi, ta fi ta tsawo, ko kafar allura babu a jikinta.

Anaruwa ya zo ya durƙusa. "Yaya, ina ruwan zai bi?"

"Na tare ɓauna ta juya. Ruwa ya fi ta ƙaho ne? Tashi ka ba ni wuri."

Da marka ta sauka, ruwa ya iso hanyar Jatau, ya juya kamar yadda ya faɗa. Sai dai cikin gari ya juyo. Ya ci gero, ya narkar da katangu, ya fara da gidan da ya fi kusa da gaɓa, inda bukkar farko take. Jatau ya iske Inna Tabawa a kan rumbu, ruwa na lasar ƙafarta, Anaruwa ya tokare rumbun da kafaɗa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kai wannan, abin nan hanya yake nema."

Jatau ya ɗauki galma, ya hau tsakiyar aikinsa, ya yi ta sara yana salati har ƙasa ta buɗe a ƙarƙashinsa. Ruwa ya tafi da shi. A reshen ɗinya aka tsince shi da rai, hannun dama ya karye. Bai sake jan baka ba.

Da ƙasa ta bushe, mutane suka fito za su baje hanyar. Inna Tabawa ta dogara sanda ta zo, ta tsaya a bakin wurin da aka sare.

"Ku bar ta," in ji ta. "Kafar Jatau ce."

Ranar ce ta fara faɗar sunansa. Jatau ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Daga wannan bakinta bai ƙara faɗa ba har ta koma ga Mahaliccinta, Allah Ya jiƙanta.

Anaruwa ya jera duwatsu a gefen kafar, Jatau na miƙa masa da hannun hagu, suka ɗora azara a kai. Garin dai Gadar Anaruwa yake har yau. Amma kowace shekara kafin ruwan fari, zuriyar maharba ce ke fita yashe magudanai. Ko da titin kwalta ya iso, ba wanda ya ce kwalbati. Duk ramin da aka bar wa ruwa a ƙarƙashin hanya, mutanen wurin kafar Jatau suke ce masa.