Matar da Ta Hana 'Yarta Tsayawa

Akwai wata mata a wani ƙauye, ba sai na faɗi sunan ƙauyen ba. Mijinta ya rasu ya bar mata 'yar gonar gyaɗa da yarinya guda ɗaya mai suna Dinatu, don haka kowa Maman Dinatu yake ce mata. Daga nesa aka auro ta, babu wanda ya san ba ta taɓa shiga aji ba. Ran Lahadi takan ɗauki littafin waƙoƙinta, in an buɗe ta buɗe, in an rufe ta rufe, waƙoƙin kuwa duk a kanta suke. In aka ce a zumuntar mata wa za ta karanta aya, sai ta ce idonta yana mata ciwo. Haka ta yi ta zama, kullum tana tsoron kada asirinta ya tonu.

To mijin nata yana da wa a birni, Baba Istifanus. Ranar jana'iza ya yi alkawari a gaban dangi cewa yaro ɗaya zai iya ɗauka ya sa a sakandare, kuma Dinatu ce, in dai ta gama firamare tana iya karatu. Wannan alkawarin shi ne duk abin da matar nan take riƙe da shi a duniya. Ba ta so 'yarta ta ƙare a kan kunya irin tata.

Da Dinatu ta shiga aji biyar, malamarsu, Malama Damaris, takan ba su aikin gida duk Juma'a: shafin karatu na Turanci, da kalmomin da za a yi musu shifta a kai, da lissafi. Ta kuma ce dole wani babba a gida ya zauna ya saurari yaro yana karantawa, ya gyara masa. Sai Maman Dinatu ta riƙa shimfiɗa tabarma da yamma, tana ɓarar gyaɗa, yarinyar na gefenta da littafi.

Ita dai ba ta san abin da ke cikin takarda ba. Amma ta san yadda karatu mai kyau yake a kunne, don ta saba jin sakataren coci, shi kam in ya fara ba ya tsayawa sai ya kai ƙarshe. Dinatu kuwa sai ta yi ta tsayawa. Ta ɗora yatsa a kan kalma, ta yi ta motsa baki, ta koma baya. Duk tsayawar da ta yi, sai uwar ta ji kamar a ƙirjinta aka tsaya. Tsoronta kada yarinyar ta ɗago ta miƙo mata littafin ta ce mene ne wannan.

Rannan ta miƙo ɗin.

Uwar ba ta ko kalli shafin ba. Ta ce, "Ni za ki tambaya? Ni ce 'yar makarantar? Kin taɓa jin sakatare ya tsaya yana in'ina? Wuce, kar in ƙara jin kin tsaya."

Dinatu yarinya ce mai tsoron ɓacin ran uwarta. Tun daga ranar, in ta ci karo da kalma mai wuya sai ta tsallake, ko ta sa wadda ta zo bakinta. Daga baya ma sai ta riƙa haɗa abin da ta ji malama ta faɗa a aji da guntun waƙoƙin makaranta, tana zubowa da ƙarfi, idonta a kan littafi. Haruffan shifta kuwa rera su take yi kamar waƙa, ko daidai ne ko ba daidai ba. Lissafi kuma, uwar in ta ga shafi ya cika da lamba tsaf, sai ta ce madalla. Sai yarinyar ta koyi cika shafi. Maƙwabta in sun wuce ta bayan danga sukan ce, kai, 'yar nan ta iya Turanci. Uwar ta ji daɗi, ta ƙara mata gyaɗa a hannu.

Malama Damaris ta ga jan biro ya yi yawa a aikin Dinatu. Ta aika a ce wa uwar ta zo makaranta su yi magana. Matar ta ɗaura zani, ta kama hanya, ta kai har gindin mangwaron da ke bakin makaranta. Nan ta tuna malamai sukan juyo wa mutum littafi su ce duba nan ki gani. Ta juya gida. Aka sake aikowa, ta ce a gaya wa malama aikin gona ya yi yawa, kuma yarinya tana karatu lafiya lau a gida, ita da kunnenta take ji. Matar fasto ma ta ce a riƙa turo mata Dinatu ran Asabar ta taya ta karatu, uwar ta ce an gode, ba sai an wahalar da ita ba. Aka tura yarinyar aji shida tare da kowa, kamar yadda ake yi.

Da Kirsimeti Baba Istifanus ya zo. Bayan an ci shinkafa, ya ce a kira masa Dinatu ta zo da littafinta. Ya buɗe wani shafi a tsakiya, ya zaunar da ita kusa da shi, ya ɗora yatsansa a layin farko. Dinatu ta fara. Ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. Muryarta ta cika tsakar gida, uwar na tsaye a bakin madafa tana murmushi, har ta ce wa matan dangi, "Kun dai ji ta da kunnenku."

Yatsan Baba Istifanus kuwa bai bar layin farko ba.

Ya bari ta gama. Ya rufe littafin a hankali, ya ce, "Maman Dinatu, wa yake sauraren yarinyar nan a gida?"

Ta ce ita ce.

Ya ce, "Abin da ta faɗa yanzu, babu shi a takardar nan."

Matar ta tsaya da ludayi a hannu. A wurin, gaban dangin mijinta duka, ta faɗi abin da ta ɓoye tun ranar aurenta, ta ce ita ba ta iya karatu ba. Babu wanda ya yi dariya. Wata tsohuwa ma cewa ta yi, to ai ni ma ban iya ba, shi ya sa nake tura jikokina gidan fasto. Wannan ya fi mata ciwo da a ce dariyar aka yi. Da Baba Istifanus zai koma birni, ɗan wani ƙanensa ya ɗauka a maimakon Dinatu. Dinatu ta bi uwarta gona.

Ma'anar wannan misali ita ce, matar nan mu ne, duk lokacin da muka fi tsoron idon mutane fiye da asarar da za mu yi. Tana ƙaunar 'yarta, ba ƙarya ba ne, amma kunyarta ta fi ƙarfi. Malamar da ta yi ta aikowa kamar Ubangiji ne, yana kira tun da sauran lokaci, mu kuwa mu kai bakin ƙofa mu juya. Karatun Dinatu kuma shi ne addu'ar da muke zubowa da ƙarfi don a ji mu, alhali zuciya ba ta san abin da baki yake faɗa ba. Mutane za su yaba. Allah dai yana duba layin.

Yara, in an ba ku aikin gida kuka kai inda ba ku gane ba, ku tsaya a wurin. Ko za a yi muku faɗa, ku tsaya. Ku kuma iyaye da yayye, in yaro ya miƙo muku littafi ba ku sani ba, ku ce ban sani ba, zo mu je wurin wanda ya sani. Ubangiji yana gafartawa, na gaskata da wannan. Amma shekarun da yaro ya rasa, ba kullum suke dawowa ba.