Awaki Uku a Gonar Gambo

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ku ne alƙalan.

A Tungar Marke an yi wani mai unguwa, Jatau, matashi mai zafin nama da bai daɗe da gadon mahaifinsa ba. Ruwan shuka na sauka ya kafa doka: duk akuyar da aka kama a gonar wani, ta zama ta mai gona. Dattawa suka ce ya bar ƙofar sassauci. Ya ce ai sassaucin ne ya cinye waken garin bara.

Shuka ta fara kyau ke nan, sai ga wani manomi, Gambo, da hantsi a ƙofar gidan Jatau, yana janye da awaki uku, kowacce da ganyen wakensa a baki. Aka kira masu su.

Ta farko ta Alhaji Tukur ce, mai awaki sittin. Duk garin ba wanda ya kai shi bin dokar: sabuwar igiya ya saya wa kowacce, kuma da kansa yake zagayawa yana duba turaku. Jakin maƙwabcinsa ne ya yi tutsu ya tumɓuke turken wannan, mutum uku sun gani. In an ƙwace ta, ko a jikinsa. Amma ya ce, "Ranka ya daɗe, ba akuyar ce ta dame ni ba. Ƙwace ta na nufin na yi laifi, ni kuwa ban yi ba."

Ta biyu ta Iya Tabawa ce, tsohuwar da mijinta ya rasu ya bar ta da akuyar nan tilo, ga akuyar da tsohon ciki. Gwiwoyin Iya sun daina kai ta yankan ciyawa. Sai dai da hannunta ta kwance igiyar, kuma sau biyu ana yi mata kashedi kafin wannan. Ba ta ma yi musu ba. "Ɗan nan, ni na sake ta. In zauna ina kallonta tana kukan yunwa? Sanda kake hauro min katanga kana tsinke min gwaiba, wa ya ƙwace ka?" Fada ta kwashe da dariya, Jatau ya duƙar da kai yana gyara hula.

Ta uku kuwa ta Mati ce, sankiran garin, mai yi wa Jatau shela. Jatau da kansa ya tashe shi da sassafe, ya ce maza ya kai shelar dokar zuwa ƙauyukan gefe. Mati ya fita a guje, ya manta bai ɗaure tasa ba, wadda ya tanada don sunan matarsa da ke gab da haihuwa. "Ina can ina fasa maƙogwaro kowa ya ɗaure tasa, ashe 'yar banzar tana nan tana cin wake da sunana!" To amma wa ya fi shi sanin dokar, tunda daga bakinsa kowa ya ji ta?

Gambo ya ga abin ya yi tsawo, ya ce, "Ni ba mugu ba ne. Na yafe ɗaya. Biyun kuwa ba zan saki ba, waken nan shi ne tuwon yarana."

Nan Jatau ya shiga lissafi. Ya saki ta Alhaji, a ce ya fifita mai hali. Ya saki ta Iya, gobe duk mai uzuri ya kwance tasa. Ya saki ta Mati, a ce ya kare yaronsa, kuma ya kare kansa. Ga Gambo ya miƙo igiyoyi uku yana jira.

To jama'a, wanda bai yi laifi ba amma ba zai ji asarar ba, da wadda ta yi da gangan amma ba ta da wata, da wanda aikin gari ya sa shi sakaci: akuyar wa za a kwance?